Wa ya fi sanin halinka, kai ko gwaji?

Rabi'atu: Assalamu alaikum. Sau uku ina yin gwajin halin nan irin na Myers-Briggs a waya, mai kasa mutane gida 16, kowane gida da sunansa na haruffa huɗu, kowane harafi na nuna wani hali. Da farko ya ce ni INFJ ce, bayan azumi ya ce INFP, jiya kuma ISFJ. Na haƙura da shi. Ni dai ra'ayina yanzu, gwaji ba shi da amfani. Mutum ya keɓe ya duba rayuwarsa, me ke gajiyar da shi, me ke faranta masa, yaya yake yanke shawara, zai gane irin halinsa. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

Yaya Kabiru: Wa alaikumus salam ƙanwata. Sauyin da kika gani yana da dalili. Gwajin yana tsaga kowane hali gida biyu, alhali yawancin mutane a tsakiya suke. Amsa biyu ko uku su canja, sai harafin ya juye. Masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung ma, wanda Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka ɗora gwajin nan da suka ƙirƙiro kan littafinsa na 1921, ya ce babu wanda yake zallar mai son kaɗaici ko zallar mai son jama'a. Amma ban yarda zaman tunani ya fi ba. Gwaji ko ba komai tambaya iri ɗaya yake yi wa kowa. Ke kuwa in kin zauna ke kaɗai, ke ce mai ƙara, ke ce shaida, ke ce alƙali.

Rabi'atu: To Yaya, a gwajin wa ke amsa tambayoyin? Ai ni ce. In zan yi wa kaina ƙarya a ɗaki, a waya ma zan yi.

Usman: Ina bayan Yaya Rabi a nan. Kuma tambayoyin ma ba don mu aka tsara su ba. A tambaye ka ko kana son zuwa taro. Mu nan biki da suna da gaisuwar rasuwa zumunci ne, ko kana so ko ba ka so za ka je. Matar da ba ta ɗaga kai gaban surukanta kunya take yi, ka same ta cikin ƙawayenta ka ji baki. Gwajin da aka haifa a Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ina ya san bambancin kawaici da rashin son magana?

Yaya Kabiru: Na ba ka wannan, Usman. Amma ku ji abin da wani masanin halayyar ɗan Adam, Bertram Forer, ya yi a 1948. Ya yi wa ɗalibansa gwaji, daga baya ya miƙa wa kowa takarda ya ce ga bayanin halinka. Ashe takarda iri ɗaya ce duka, daga wani littafin taurari ya tsinto yawancin jimlolin. Da ya ce su auna dacewarta da su, matsakaicin makin da suka ba ta ya kai wajen 4.3 cikin 5. Abin da ke ba ni tsoro kenan. Ki karanta bayanin gidajen nan 16, wanda ya fi yi miki daɗi shi za ki ce naki ne. Ban taɓa ganin wanda ya gama tunaninsa ya fito ya ce shi mai rowa ne ba.

Malam Isa: Ku ba ni dama. Yi wa kai hisabi abu ne da addini ya san shi, an ruwaito daga Sayyidina Umar cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku. Saboda haka kada a raina abin da Rabi'atu ta faɗa. Sai dai Imam Gazali, da ya zo maganar yadda mutum zai san aibinsa a cikin littafinsa Ihya, hanya huɗu ya kawo: malami mai basira, aboki mai gaskiya, abin da maƙiya ke faɗa a kanka, da cuɗanya da mutane, duk abin ƙi da ka gani a wurinsu ka tuhumi kanka da shi. Ku lura, duka huɗun sai da wani mutum a ciki. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Rabi'atu: Allah ya gafarta Malam, wannan maganar aibi ce. Ni ba aibina nake nema ba. So nake in san me ya sa in na dawo daga gidan biki nake jin kamar an zare min laka, ƙanwata kuwa sai ta dawo da ƙarfinta. Wa zai sanar da ni wannan in ba ni ba?

Yaya Kabiru: A wannan kam kin fi kowa sani. Binciken masaniyar halayyar ɗan Adam Simine Vazire na 2010 ya nuna abin da ke ɓoye a zuci, kamar fargaba, mai shi ya fi saninsa. Amma abin da ya taɓa yabo ko zargi, kamar kaifin basira, abokai sun fi mutum hangowa.

Anti Hauwa: Tun ɗazu nake karantawa. Rabi, ni na goye ki, in faɗa miki ɗaya?

Rabi'atu: Faɗi, Anti.

Anti Hauwa: Tun kina 'yar shekara bakwai, in an ɓata miki rai ba kya tankawa. Tsintsiya kike ɗauka ki hau sharar tsakar gidan da aka riga aka share. Da na zo gidanki da Babbar Sallah na tarar kina yi, shi ya sa ban tambaye ki komai ba na wuce ɗakin yara.

Rabi'atu: Wallahi ban san ina yi ba, sai yanzu da kika faɗa. Amma Anti, abin da nake saƙawa a raina lokacin da nake sharar nan, kin san shi?

Anti Hauwa: A'a. Shekara da shekaru ina son in tambaye ki.