Wace kalma ta dace da abin da Darwin ya nufa?

’Yan uwa masu fassarar kimiyya, na daɗe ban gamsu da “juyin halitta” a matsayin Hausar kalmar evolution ba. A kunnen Bahaushe juyi abu ne na farat ɗaya, kamar juyin mulki ko juyin waina, alhali abin da ake magana a kai sauyi ne da ke ɗaukar dubban zuri’o’i kafin ido ya gane shi.

“Rikiɗa” ta fi ta illa, domin mun san ta a tatsuniya, inda mutum ɗaya yake rikiɗa ya zama kura cikin dare. Daga irin wannan fassara ne ake samun masu cewa wai biri ya rikiɗa ya zama mutum, kuma Charles Darwin, masanin kimiyya ɗan Ingila da wannan ra’ayi ya shahara da sunansa, bai faɗi haka ba. A littafinsa na 1871 kan asalin ɗan Adam, da’awarsa ita ce mutum da manyan birai sun fito daga tsatso ɗaya, har ya yi hasashen cewa a Afirka tsatson yake.

Shi kansa bai yi amfani da kalmar evolution a bugun farko na littafinsa na 1859 ba. Asalinta na Latin yana nufin warware naɗaɗɗiyar takarda, kuma masanin falsafa ɗan Ingila Herbert Spencer ne ya yaɗa ta da ma’anar hawa daga ƙasa zuwa sama, wanda ya sa nake ƙin “ci gaban halitta” ma. Lafazin da Darwin ya fi so yana nufin gadon da ke tafe da canji, kuma da masu kiwon tattabaru ya kafa misali. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban akurki ya ga yadda mai kiwo ke ware masu gashin ƙafa ya haɗa su, har bayan ƙyanƙyasa da yawa su bambanta da kakanninsu, ya riga ya fahimci ma’anar.

Shawarata ita ce “sauyin zuri’a”, domin ta ɗora canjin a kan jikoki da tattaɓa kunne, ba a kan dabba guda ba, kuma ta kauce wa kalmar halitta, wadda nauyinta na addini kan rufe tattaunawa tun ba a fara ba. Sanya wa ra’ayi suna daidai ba amincewa da shi ba ne. Da ita za mu iya cewa masana sauyin zuri’a suna ƙiyasta ƙoƙon kan Tumai, wani daɗaɗɗen dangin mutum da manyan birai, wanda aka gano a hamadar Jurab ta Chadi a 2001, da shekara kusan miliyan 7. Ina jiran gyaran malamanmu na harshe.