Saura Shekara Uku In Ajiye Aiki, Ina Zan Sa Ɗan Abin Da Na Tara?

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah a sakaya sunana.

Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, shekaruna 57, saura shekara uku in yi ritaya. Ina da iyali da 'ya'ya shida, biyu suna jami'a, autar tana sakandare. Gidan da muke ciki nawa ne, alhamdulillahi. Ban da fanshon da ake yanka a albashi, na tara naira miliyan huɗu a banki da niyyar su zama jari in na bar aiki. Ba na cin kuɗin ruwa, saboda haka a ajiye kawai suke. To tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 hankalina bai kwanta ba. Kuɗin nan ban taɓa su ba, amma abin da za su iya saya kullum raguwa yake. Masu ilimin harkar kuɗi da waɗanda suka riga mu ajiye aiki, me zan yi da su? Fanshon kuma, akwai abin da mutum zai iya yi a kai, ko sai dai ya zuba ido?

Tsohon Akanta: Wa alaikumus salam. Malam, damuwarka tana kan hanya. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. Dala da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 kafin Yunin 2023, a 2024 ta haura 1,500. Ɗauki biro ka yi lissafin da kanka. In kaya suna tashi da kashi 25 duk shekara, bayan shekara uku miliyan huɗunka cefanen miliyan biyu da 'yan kai na yau za su yi. Rabi ya tafi, kuma ba wanda ya ɗauki ko kobo. Sannan in ka ji a rediyo an ce hauhawar ta sauka, ba wai kaya sun yi araha ba ne, gudun tashin ne ya ragu.

Batun fansho akwai abin yi. A dokar 2014, kai kana ba da kashi 8 na albashi, gwamnati na ƙara kashi 10, kamfanin fanshonka yana juya kuɗin. Asusun hawa-hawa ne. Wanda ya kai shekara 50 ana mayar da shi asusu na uku, mai taka-tsantsan, akasarinsa takardun bashin gwamnati masu kuɗin ruwa. Tunda kana gudun riba, akwai asusu na shida da hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ta fito da shi a 2021, wanda ake juyawa bisa ƙa'idar Musulunci. Takarda kawai za ka cike a kamfaninka. Ka kuma nemi cikakken bayanin asusunka ka bi shi wata-wata, don akan samu watannin da aka yanka a albashi amma ba su shiga ba. Gara a gano yanzu kana da ƙafa a ofis. In kamfanin ba ya taɓuka abin kirki, doka ta ba ka damar sauya shi sau ɗaya a shekara. Sai dai gaskiya ɗaya ce, a 2024 ƙaruwar da asusun fansho suka samu ba ta kamo tashin farashi ba. Kada ka jingina da fansho shi kaɗai.

Ɗan Dawanau: Baba ka shigo kasuwa kawai. Da kaka ka sayi masara da waken suya da riɗi, a zuba a sito, bazara na yi ka fitar. Mu da wannan muka tashi, da shi muka yi gida.

Manomi daga Giwa: Ɗan Dawanau, ka faɗa masa har da abin da ya faru a 2025 mana. Waɗanda suka sayi masara da tsada a kakar 2024 suna jiran ta ƙara tashi, sai farashi ya karye bayan gwamnati ta sassauta harajin shigo da abinci. Na ga mutumin da ya fitar da kayansa ƙasa da yadda ya saya, ga kuɗin sito, ga maganin ƙwari, ga 'yan dako. Kai ɗan kasuwa ne, in ka faɗi bana baɗi ka farfaɗo. Dattijon da zai bar aiki, in jarinsa ya karye wane albashi ne zai mayar masa? In ma zai shiga, kada ya wuce abin da in ya salwanta ba zai hana shi barci ba.

Hajiya Mai Gwal: Alhaji ni dai gwal na sani. Mu mata da shi muke ajiya tun iyaye da kakanni, ranar da ta ɓaci a kai kasuwa a dawo da kuɗi a hannu. Farashinsa da dala yake tafiya, shi ya sa faɗuwar naira ba ta cinye shi. Amma akwai yadda ake saye. Kada ka ɗauki sarƙa mai duwatsu da ado da yawa, domin in ka zo sayarwa duwatsun cire su za a yi kafin a ɗora a sikeli, kuɗin ƙira kuma ba a mayar maka. Ka nemi awarwaro ko zobe marar ado, a gwada shi a auna a gabanka, a rubuta nauyi da lambarsa a rasit, ko 21 ne ko 22. Ka tafi da uwargida, idonta ya fi naka a nan. Kuma kada yara su san inda aka ajiye. Aibinsa ɗaya, ba ya kawo maka komai a wata, kuma shi ma yana sauka wani lokacin.

Ma'aikaciyar Banki: Baba barka da ƙoƙari. Abin da ya fi kusa da buƙatarka a ganina shi ne sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari marar riba. Ofishin kula da basussuka na ƙasa, DMO, ya fara fitar da shi a 2017, na naira biliyan 100, wa'adin shekara bakwai, ana biyan kashi 16.47 a shekara. Da kuɗin ake gina manyan hanyoyi, abin da ake biyanka kuɗin haya ne na kadarar, duk wata shida, in wa'adi ya cika a mayar maka da uwar kuɗinka. Da naira dubu goma ma ana shiga. Duk lokacin da aka buɗe, bankuna irin su Jaiz da TAJ da Lotus da dillalan hannun jari masu rajista suna karɓa.

Ba zan ɓoye maka rauninsa ba. Abin da ake biya ba ya motsi. Wanda ya saya a 2017 ya ji daɗi a 2019 da hauhawar farashi take wajen kashi 11, amma a 2024 tsadar kaya ta tsere masa nesa. Duk da haka ya fi ajiyar da ba ta kawo komai. Akwai kuma asusun haɗin gwiwa na halal da wasu kamfanoni ke gudanarwa, suna sayen hannun jarin kamfanonin da ba sa harkar giya ko riba. Kafin ka ba kowa kuɗinka ka tabbata yana da rajista da hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEC.

Dillalin Filaye: Ranka ya daɗe, ƙasa ba ta ruɓa. Miliyan biyu za ta samo maka fili a bayan gari.

Tsohon Akanta: Za ta samo, amma akasari awon igiya ne, ba takardar gwamnati. Fili ɗaya a sayar wa mutum uku ba sabon labari ba ne. Kuma ranar da aka kwantar da mutum a asibiti fili ba ya sayuwa a kwana biyu sai an karyar da shi. In ƙasa za a sa wa kuɗi, ni na fi son ya fitar da shago ɗaya ko biyu a jikin gidansa in yana bakin hanya, haya tana shigowa, kuma ana ƙara ta in kaya sun tashi.

Maman Biyu: Don girman Allah Baba, duk wanda ya zo maka da manhajar waya ya ce kuɗinka za su ninka a wata ɗaya, ka guje shi ko ɗan cikinka ne. MMM ta kwashe na mutane a ƙarshen 2016, CBEX ta sake yi a Afrilun 2025. Maƙwabciyata kuɗin sallamar mijinta ta zuba a irin wannan, har yau ba ta dawo daidai ba. Kuma da sun ji an kusa biyanka za su fara sallama a ƙofar gida, har da 'yan uwa masu neman rance.

Malamin Islamiyya: Allah ya saka wa kowa. Abu biyu zan ƙara. Sayen hatsi a ajiye don kasuwanci halal ne, abin da aka hana shi ne ɓoye abinci lokacin da jama'a ke cikin ƙunci don a ƙuntata musu. Sai zakka. Nisabin kuɗi ana auna shi da dinare ashirin, wajen giram 85 na zinare. 'Yan shekarun baya miliyan huɗu ta haura nisabi, yau ba ta kai ba. Amma in aka ba ka kuɗin fansho a dunƙule ka haɗa da gwal da abin da ke hannu, ka sake lissafi in shekara ta zagayo.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Abin da na tsayar: zan je kamfanin fansho kan asusu na shida, in sa wani kaso a sukuk in an buɗe, wani a gwal, in kuma sa magini ya yi min lissafin shago, don gidan yana kan layin da ake wucewa. Shin in bar wani abu a banki, ko in fitar duka?

Wanda Ya Riga Ka Ritaya: Ka bari, ɗan'uwa, kada ka fitar duka. Ranar da ka ajiye aiki albashi tsayawa yake, fansho kuma ba a watan yake farawa ba. Mu da muka fara aiki kafin 2004 akwai haƙƙinmu na tsohon tsari da sai gwamnati ta zuba a asusu kafin a fara biya, kuma da yawanmu mun daɗe muna jira. Ka ware abin da zai riƙe gida aƙalla wata shida, har da kuɗin magani da na makarantar yaran nan na jami'a. Sannan shekara guda kafin ka fita PenCom tana tantance masu shirin ritaya. Tun yanzu ka haɗa takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma da shaidar haihuwa, ka duba sunanka da ranar haihuwarka sun zo ɗaya a fayil ɗin ofis da katin ɗan ƙasa da kamfanin fansho. Harafi ɗaya in ya saɓa, sai ka yi ta zirga-zirga kafin a gyara.