Injin wankina yana tara ruwa ko a kashe yake

Mai tambaya, daga unguwar Nima a Accra: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara. Injin wankina mai ƙofa a gaba ne. Kwanan nan in na gama wanki da dare na kashe shi, da safe sai in tarar ruwa ya taru a ciki, ina buɗe ƙofa ya malale. A saman bene muke, maƙwabciyata ta ƙasa har ta fara yi min magana. Ruwanmu daga polytank, wato tankin roba da ke kan rufi, yake saukowa. Wani mai gyara ya duba, ya ce allon lantarkin ne ya mutu, kuɗin da ya faɗa kuwa ya ɗaga min hankali. In biya ne, ko akwai abin da zan fara dubawa?

Wata 'yar uwa, Madina: Wa alaikumus salam. Ina ganin dumsor, wato yawan ɗauke wutar nan, shi ne ya ƙone miki allon, Hajiya. Ɗauke wuta da dawo da ita babu abin da ba ya lalatawa. Kafin a gyara, ki riƙa rufe famfon bayan injin duk sanda kika gama.

Mai gyaran firji da injin wanki, Mamobi: Hajiya, kada ki ba kowa ko sidi ɗaya tukuna. Maganar rufe famfo daidai ce, amma ta allo ban yarda ba sai an gwada. Yau da dare ki zare filogin daga bango gaba ɗaya, ki bar famfo a buɗe. In ruwa ya sake taruwa, babu ruwan allo, don abin da ba shi da wuta ba ya ba da umarni. Matsalar tana bawul ɗin da ke bayan injin, inda tiyon ruwa yake shiga. A cikinsa akwai 'yar roba da ke toshe hanya, ƙwayar yashi ɗaya ko tsatsa ta maƙale mata, shi ke nan sai ɗiga har gari ya waye. Kin san yadda ruwa yake dawowa da laka bayan an daɗe ba a samu ba, duk a gindin tanki yake kwanciya.

Ga wani abu da mutanenmu ba su cika sani ba: ƙarfin ruwan ne da kansa yake danne robar ta rufe. Yawancin injinan nan suna son aƙalla rabin bar, wato tanki ya ɗara injin da kamar mita 5. Ke da kike saman bene, tankin yana dab da kanki, da wuya ki samu haka. Sai an ɗaga tankin ko a sa ƙaramin injin tura ruwa, in ba haka ba sabon bawul ma zai iya yi miki haka nan.

In kuwa ruwan ya tsaya da kika zare filogi, to sai mu koma kan allo.

Wani dattijo, Sabon Zongo: 'Yata, ruwan da kike tararwa fari ne ko mai wari? In mai wari ne, ta tiyon fitar da ruwa yake komowa daga magudana. A ɗaga tiyon ya kai santimita 60 daga ƙasa ko ya ɗan fi.

Mai tambaya: Baba, ruwan fari ne tas. Malam, na yi yadda ka ce, na zare filogi, kuma da asuba na tarar da ruwa. Yanzu me zan yi?

Mai gyara: To bawul ne, alhamdu lillahi, ya fi allo araha nesa ba kusa ba. Ki rufe famfo, filogi a zare, ki kwance tiyon baya. Za ki ga ɗan rariya a bakin ramin, ki zaro shi a hankali ki goge da tsohon buroshin haƙori. In bai daina ba, mai gyara ya cire bawul ɗin a tafi da shi Zongo Lane, inda ake sayar da kayan gyaran lantarki, a nemo irinsa, tare da lambar injin da ke jikin ƙofa, don wani mai baki biyu ne wani uku. Tankin ma a wanke shi kafin a ɗaura sabon.