Zanen itatuwa da tsuntsaye a bazara: fentin ruwa yana bushe mini kafin in gama shafawa

'Yar Lambu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga yadda Turawa ke buɗe littafi na musamman idan sanyinsu ya wuce itatuwa suka fara toho, suna zana fure da tsuntsu suna rubuta kwanan wata. Ina so in yi irinsa a nan gida, daga yanzu zuwa faɗuwar damina. Matsalata biyu ce. Fentin ruwa yana bushewa kafin in gama ganye ɗaya, ya bar layi-layi, takardar kuma ta lanƙwashe. Sannan mu da bazararmu rana ce da ƙura, me zan zana? A taimaka mini da shawara.

Malamin Zane:
Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Lanƙwashewar nan daga takarda take. Ta littafin makaranta ko ta firinta ba ta da kauri, giram 70 zuwa 80 ce (nauyin murabba'in mita ɗaya na takardar ke nan, da shi ake gane kaurinta). Inda ya jiƙe sai ya kumbura, inda bai jiƙe ba ya tsaya yadda yake, shi ne take yin tudu da kwari. Ki nemi takardar fentin ruwa mai giram 300. In babu, mai 200 za ta yi, amma ki manne gefunanta huɗu a jikin katako da tef ɗin takarda, kada ki cire sai ta bushe ƙayau. Wadda aka yi da auduga zalla ta fi tsada, sai dai ta fi riƙe danshi, kuma wannan ɗan jinkirin shi ake nema a watan Afrilu. Girman A5, wato rabin takardar firinta, ya isa.

Batun layi-layi kuwa, a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zafi yana haura digiri 40 a wannan lokaci, ga iska busasshiya. Bakin fentin yana bushewa cikin 'yan daƙiƙoƙi, idan kika dawo da buroshi kansa sai ya zama shafi biyu, wurin ya fi duhu. Don haka ki yi aikin fenti daga fitowar rana zuwa ƙarfe tara, a inuwa. Ki haɗa launin da zai ishe ki tun kafin ki taɓa takarda, kamar rabin cokalin shayi ga ganye mai faɗin tafin hannu, domin tsayawa haɗi a tsakiyar aiki shi ne ya fi kawo layin. Ki tokare katakon da littafi ya ɗan karkata, ruwan zai taru a bakin shafin ta ƙasa, sai ki riƙa jan wannan ɗigon kina sauka da shi ba tare da komawa sama ba. Buroshi mai tsini lamba 8 ko 10 ake so. Mutane suna sayen ƙarami suna ganin ya fi sauƙin sarrafawa, alhali ba ya ɗaukar ruwan kirki.

Da zarar ƙyallin ruwan ya ɗauke daga takarda, ki janye hannunki. Ɗigo ɗaya a wannan gaɓar zai ture fentin gefe ya bar tabo mai baki zako-zako. In har yanzu yana saurin bushewa, ki sa ɗigo biyu na gilisarin, wanda ake samu a kemis, cikin rabin kofin ruwan haɗi. Kada ya wuce haka, in ya yi yawa fentin zai yi danƙo ƙura ta manne masa.

Launi biyar sun wadatar. Ki duba lambar da ke jikin kwalin: PY3 rawaya, PB29 da PB15 shuɗi iri biyu, PV19 ja, PBr7 ruwan ƙasa. Sabon toho rawaya ne da ɗan mitsitsin PB15. Tsohon ganyen da ya sha ƙura kuwa rawaya da PB29, a ɗiga ruwan ƙasa.

Ɗan Fadama:
Hajiya, abin zana ai a bazara ya fi yawa, ido ne bai saba ba. Ɗorawa tana fure tun kafin ruwa, ja dunƙulalle yana reto a doguwar igiya, daga baya ta zubo da 'ya'ya. Darbejiya tana fitar da farin fure ƙanana mai ƙamshi. Kuka da ta yi rani tsirara takan fara toho gab da damina, furenta fari ne babba yana kallon ƙasa, da yamma yake buɗewa jemagu su zo masa da dare, kafin wata yammar ya yi yaushi. Wanda yake son zana shi sai da sassafe. Gawo kuma akasin kowa yake: yana kore shar duk rani, ruwa na sauka ya kaɗe ganyensa. Ki sa kuka a shafin hagu, gawo a na dama, ki riƙa zana reshe guda na kowanne duk mako, za ki ga ɗaya na tufa ɗaya na tuɓewa.

Abin da nake so ki riƙe da muhimmanci shi ne rubutun. Kowane shafi ya fara da kwanan wata, lokaci, wuri, da yanayin sama. Ki zaɓi reshe ɗaya ki ɗaura masa zare don kada ki ɓata shi, ki auna tsawon tohon da rula ki rubuta milimita a gefen zanen. Ki rubuta ranar da kika fara ganin shamuwa, ranar ruwan farko, daren da shinge ya fito, ranar da kwaɗi suka fara kuka. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, nesa da indararo, da rula, sun isa auna ruwan sama. A Ingila wani mai suna Robert Marsham ya fara irin wannan rubutu a 1736, zuriyarsa suka ci gaba har 1958, kuma masana yanayi suna amfani da shi don akwai kwanan wata a jiki. Kyakkyawan zane marar kwanan wata ba zai gaya miki ko shamuwa ta makara bana ba.

Tsuntsu ba ya jira. Ki fara da fensir HB, siffar ƙwai ta jiki, da'ira ta kai, layin baki da na ƙafa, cikin rabin minti. Launi ki rubuta shi da kalma ki ja kibiya: shamuwa baƙa ce mai farin ciki, fuskarta shuɗiya a lokacin sheƙa da ɗan ja kusa da ido, gwiwa da yatsu ja-ja. Fentin sai kin koma inuwa.

Inna Mai Shuni:
'Yata, in fentin kanti ya yi miki tsada, kayan haɗa shi suna kasuwarmu. Abin da ke riƙe fentin ruwa ƙaro ne, wanda ake samu daga dakwara a Yobe da Borno da Jigawa. Ki daka ƙaro mai haske, ki zuba awo ɗaya cikin awo biyu na ruwan ɗumi, ya kwana, ki tace da tsumma mai laushi. A kowane cokali huɗu na ruwan ƙaron ki sa cokali ɗaya na zuma, ita ke hana shi tsattsagewa, da ɗigo ɗaya na man kanumfari don kada ya yi funfuna.

Jar ƙasa kuma ki daka ta, ki dama a kwalba da ruwa mai yawa, ki jira minti ɗaya yashi ya kwanta, ki tsiyaye jan ruwan saman a wata kwalba. Shi za ki bari ya kwana. Lakar da ta kwanta a ƙasa ki shanya ta, ita ce launinki. Ki murza ta da ruwan ƙaro, awo ɗaya da ɗaya, a kan gilashi da gindin kofi har ƙarar yashi ta ɓace, ki zuba a murfin kwalba ya bushe. Gwajinsa: ki shafa a takarda, in ya bushe ki goga da yatsa. In ya tashi a yatsa ƙaro ya yi kaɗan, in yana ƙyalli yana ɓantarewa ya yi yawa. Gawayi da shuni ma haka ake yi musu. Zoɓo yana da kyau ranar farko, amma yana rikiɗa ya koma toka-toka, kada ki dogara da shi wajen rubuta launin fure.

'Yar Lambu:
Allah ya saka da alheri, Inna. Malam, zan iya yin layin zanen da tawadar allo sannan in sa fenti a kai?

Malamin Zane:
A'a, sai dai ki juya tsarin. Tawadar allo da ƙaro ake haɗa ta, an yi ta ne don ta wanku, buroshi mai ruwa na hawa kanta za ta narke ta baƙanta miki launin. Ki fara da fensir, ki sa fenti, ya bushe sarai, sannan ki bi da tawada da alƙalamin kara a ƙarshe. In kina son layi kafin fenti, sai alƙalami mai tawadar da ruwa ba ya narkarwa, irin Pigma Micron lamba 03, shi ma ki ba shi minti biyu.

Idan damina ta kankama matsalar za ta juye. Takarda za ta daɗe ba ta bushe ba, don haka ki daina sa gilisarin, ki rage zuma a haɗin Inna, kuma kada ki rufe littafi sai kin taɓa shafin da bayan hannu kin ji babu sanyi. Ki ajiye shi a kan kanta nesa da bango saboda gara, ba cikin leda ba, domin leda tana tara gumi ta jawo funfuna.