Wa Ya Kori Jita Daga Rediyon Amurka?

Direban Bronx:
Assalamu alaikum. Kiɗan rok, wato kiɗan jitar lantarki, wanda ya riƙe tashoshin FM na Amurka shekara da shekaru, yana ɓacewa daga gidajen rediyon gari, kuma abin yana damuna. Ga baitocina, mai amsa ya amsa.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ji, Mai gani, Mai bayarwa.

Ku taho 'yan'uwa mu yi tattaunawa,
Kan kiɗan da rediyo ke ta yarwa.

A Niyok da can jita ce sarauniya,
Daga safe har dare tana tsawa.

WNEW ce uwar gidan rok,
A 1999 hira ta koma sakawa.

K-Rock ta 92.3 ta riƙe tuta,
A 2009 tutar ta yi faɗuwa.

An sake gwada rok a wannan zango,
Tun 2022 labarai ne ke fitowa.

Saura Q104.3 da tsoffin faifai,
Waƙoƙin jiya take maimaitawa.

Wa ya yi wannan, ku ba ni amsa,
Masu tasha, ko mu da muka bar kunnawa?

Malam Na-Shikago:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Na yi aiki a ɗakin watsa shirye-shirye, kuma ni a wuyan masu tasha na rataya laifin.

Alhaji, tambayarka tana da nauyi,
Amsar na cikin wata doka da aka yi,
A 1996 majalisa ta kawo sauyi,
Ta buɗe ƙofar saye da tarawa.

Kafin nan kamfani, komai kuɗinsa,
Tasha 40 ce iyakar rabonsa,
Clear Channel da aka saki linzaminsa,
Ya haura 1,000 yana haɗiyewa.

Da can mai gabatarwa ɗan gari ne,
Ya san makaɗan unguwa su wane ne,
Faifan da ya sa, zaɓin kunnensa ne,
In yara sun kawo kaset yana saurarawa.

Yanzu jerin waƙa daga hedkwata,
Murya ɗaya, an naɗe ta a kwamfuta,
Garuruwa na ji, ba wanda ya gan ta,
Tana gaida garin da ba ta takawa.

Bashi ya kai wajen dala biliyan 20,
A wuyan iHeart, sabon sunan kamfanin,
A 2018 sai kotu don sassauta nauyin,
Ma'aikata kuwa ana ta ragewa.

Nan Shikago, The Loop da muka sani,
A 2018 ta koma hannun ƙungiyar addini,
Waƙar coci ce a zangon dare da yini,
Ita ma daga nesa ake turowa.

'Yar Boston:
Baba Alhaji, Malam, ku yi mini afuwa, zan ɗan saɓa muku.

Baba, Boston ma ta ɗanɗana rashi,
WBCN a 2009 ta tashi.

WAAF ta bi ta a 2020,
Na ga manya na hawaye kan labarin.

Sai dai, Malam, ko da ba a yi dokar ba,
Tsarana ba za su zauna jiran rediyo ba.

Waya na hannu, Spotify na ciki,
Wa zai jira talla ta ƙare yana tuƙi?

Kuma kunnen matasa ya sauya gida,
A 2017 hip-hop da R&B suka ɗau kambun kiɗa.

Ƙididdigar Nielsen ce ta nuna haka,
Rok ya sauka na biyu a faɗin Amurka.

WHFS ta yankin Washinton, rana tsaka,
A 2005 kiɗan Sifaniyanci ta saka.

Masu jin yaren nan su ma 'yan gari ne,
Rediyon da muke kuka a kai, nasu ne.

Malam Na-Shikago:
'Yata, ban ƙi batun waya ba,
Amma ba ita ta fara korar ku ba,
Tashar da ba ta sa sabon makaɗi ba,
Da me za ta riƙe yaro mai tasowa?

Tun kafin Spotify ya iso a 2011,
Waƙoƙin nan ne dai, ɗaya bayan ɗaya,
Na shekarun 70 da 80, kullum baya,
Mai sauraro ya tsufa, mai talla na janyewa.

Ɗan Agadas:
Salamu alaikum, manya. Daga Nijar nake bin zancen, ku ba ƙarami wuri ya sa baki.

Ina gaida manya daga bakin Sahara,
Inda jitar lantarki ke ta ƙara,
A bikin aure da la'asar a fara,
Har dare ya raba ana takawa.

Makaɗinmu Mdou Moctar a Sakkwato ya naɗi faifan fari,
A 2008, ya bi wayoyi gari gari,
Daga katin waya zuwa kati, ba dogon shiri,
Har ya kai Amurka ana yabawa.

KEXP ta Seattle ta ba shi ɗaki,
Shi da Bombino duk sun kaɗa a ciki,
Da gudummawar masu sauraro take aiki,
Mai gabatarwa da kansa yake zaɓawa.

Direban Bronx:
Ɗana na Agadas, Allah ya yi albarka,
Akwai irinta a Bronx tana watsawa.

WFUV, 90.7, ta jami'ar Fordham,
Sababbin makaɗa take gabatarwa.

WFMU na tsallaken kogi a Jersey,
'Yan sa-kai ne faifai suke juyawa.

'Yata, na yarda waya ta fi sauri,
Amma ƙarfe 3 na dare ba ta gaisuwa.

Ba ta ce yaran Queens na wasa Asabar,
Ku je ku tafa musu, yanzu suke farawa.

Wannan mutumin ne nake nema,
Mai zama a ɗaki ya hana ni gyangyaɗawa.

'Yar Boston:
Baba, nan ma akwai WERS ta ɗalibai,
Ta kwalejin Emerson, tana sa sabon faifai.

Amma irin waɗannan, ƙarfinsu kaɗan ne,
In ka yi nisa da birni, shiru ne.

Ɗan ƙaramin gari a Ohio wace zai kama?
Malam, kai ka san aikin eriya, ga dama.