Wasa kafin abincin rana a firamare: yaya ake tsara shi?

Uwar Aji: Assalamu alaikum. Ana ta maganar a bar yaran firamare su fita wasa tukuna kafin su ci abincin rana. Mene ne amfaninsa, kuma yaya ake gyara jadawali ba tare da an ci lokacin darasi ba?

Malamin Tsari: Wa alaikumus salam, Malama. In wasa na bayan abinci, hankalin yaro na fili: ya yi loma uku, ya zubar da saura, ya ruga. In ya riga ya yi guje-gujensa, da yunwa yake zuwa, ba kuma abin da yake sauri a kai. Masu bincike biyu, Joseph Price da David Just, sun gwada wannan a makarantu bakwai a jihar Utah ta Amurka, suka wallafa a 2015. Inda aka sauya tsarin, cin 'ya'yan itace da kayan lambu ya ƙaru da kashi 54 cikin 100.

Ba a ƙara lokaci mai yawa, juya shi kawai ake yi. Misali: wasa 11:30 zuwa 11:50, wanke hannu minti biyar, layin karɓar abinci minti biyar, sannan zama daga 12:00 zuwa 12:20. Minti 20 ɗin nan daga lokacin da yaro ya zauna ake ƙirga su, ba daga buga ƙararrawa ba. A nan ake yawan cutar na ƙarshen layi.

Mai Kula da Lafiya: Malam, minti biyar ɗin wanke hannu sai an yi masa lissafi. Cuɗa sabulu daƙiƙa 20 ne, da ɗauraya ya kai 30. Yara 30 a famfo uku, minti biyar cif. Aji biyu suka haɗu kuwa, ya zama goma, abinci ya huce. Maganinsa a riƙa sallamar azuzuwa da tazarar minti biyar zuwa goma. A ajiye ruwan sha a bakin ƙofa, don da ƙishi suke shigowa.

Abin da ake mantawa shi ne abinci ya ja baya da kusan rabin awa. Yaron da bai karya ba zai galabaita, sai a ba shi ɗan abin taɓawa da hantsi. Mai ciwon sukari kuma a zauna da iyayensa da likitansa a sake duba lokacin awo da allura kafin ranar farko.

Uwar Aji: Masu zuwa da abinci daga gida fa?

Malamin Tsari: Kwando ɗaya ga kowane aji, a kai ɗakin cin abinci kafin a fita. In kowa ya koma aji ɗauko nasa, minti biyar sun tafi. A fara da aji ɗaya da biyu na 'yan makonni, kuma a sanar da masu dafa abinci da wuri, don lokacin rabonsu ne zai fara canzawa.