Wai allurar haihuwa ce ke sa mutane taimakon juna?

Daga zauren WhatsApp na 'yan unguwa, Garwa

Auta: Assalamu alaikum. Na ga wani bidiyo, wai taimakon juna ba tarbiyya ba ce, aikin wani homon ne, wato sinadarin da jiki ke fitarwa, mai suna oksitosin. Wai a 2005 a birnin Zurik an fesa wa mutane shi a hanci, sai suka fi sakin jiki su damƙa wa baƙo kuɗinsu. To me ake jira? A fesa wa 'yan adashinmu mana, kowa ya riƙa zubi a kan kari.

Hajiya Ungozoma: Wa alaikumus salam. Ɗana, oksitosin ɗin nan kullum yana hannuna. Shi ne allurar da muke yi wa mace da zarar jariri ya faɗo, don mahaifa ta tsuke, jini ya tsaya. Shi ke sa nono ya kawo idan yaro ya kama. Ban taɓa yi wa mace ita ta tashi ta yafe wa kishiyarta ba.

Malamin Lise: Hajiya kin kashe ni da dariya. Amma allurarki a jini take yawo, ɗan kaɗan ne ke isa ƙwaƙwalwa, don haka ba hujja ba ce. Auta kuma, gwajin 2005 gaskiya ne, mujallar Nature ce ta buga shi. Abin da mai bidiyon ya haɗiye shi ne an maimaita shi da mutane da yawa, aka fitar da sakamako a 2020, ba a ga feshin ya ƙara yarda ba.

Kawu Direba: Ni dai hanyar Ngaundere nake bi. Wajen gandun dajin Binuwai za ka tarar da gwaggon birai zaune a bakin kwalta, wannan na tsefe wa wancan gashi yana cire masa kaska, lafiya lau. Jefa musu mangwaro ɗaya ka ga yaƙi. Ina homon ɗin ya tafi a lokacin?

Malamin Lise: Kawu, tsifar nan da kake gani ita aka bi aka auna. A dajin Budongo na Yuganda masu bincike sun riƙa bin cimfanzi, wani irin babban biri, in ya yi fitsari su tsotse shi daga kan ganye da ɗan bututu su kai ɗakin gwaji. A 2013 suka bayyana cewa idan biri ya yi tsifa da amininsa, oksitosin na hawa. Idan da wanda ba su shaƙu ba ne, ba ya wani motsi, alhali tsifar iri ɗaya ce. Kuma ba sai ɗan'uwa na jini ba. A 2014 aka ga raba abinci ya fi tsifa ɗaga shi.

Auta: Yawwa! Ai maganata ke nan, Malam.

Malamin Lise: Ina! Kai cewa ka yi homon ke haifar da zumunci. Su kuwa sun ga sai akwai zumuncin homon ke amsawa, sannan ya ƙara ɗaure shi.

Baba Alhaji: Ku dakata, yara. In sinadari ne ke tura ni in kai wa maƙwabci buhun gero, ina ladana?

Hajiya Ungozoma: Baba, ai yunwa ma jiki ne ke kawo ta, amma mai azumi na ganin tuwo ya kau da kai. Allah Ya halicci jiki da abin da ke jan sa, zaɓi kuma na mai jikin ne.

Malamin Lise: Ga abin da ya fi damuna da sunan "homon na ƙauna" da ake kiran oksitosin da shi. A dajin Tayi na Kodebuwa, binciken 2017 ya nuna oksitosin na hawa a jikin cimfanzi lokacin da suke sintirin iyaka da lokacin arangama da wani garke. A Amsterdam kuma, a 2010, mazan da aka fesa wa shi sun fi fifita 'yan ɓangarensu. Haɗin kan yana tsayawa a kan "namu". Duk wanda ya ga yadda gari ke haɗe kai ranar da shanu suka shiga gona ya san irin wannan haɗin kan, ba kullum yake ƙarewa da alheri ba.

Yaya Talatu: To rowar maza fa? Ni na ji testosteron ne, homon ɗin nan na maza.

Malamin Lise: A 2010, a Zurik ɗin dai, an ba wasu mata testosteron, wasu kuma maganin bogi, aka ce su raba kuɗi da wani. Waɗanda suka sha na gaske sun fi adalci a rabo. Waɗanda kawai suka zaci shi aka ba su, su ne suka fi tauye abokin rabo.

Yaya Talatu: Mata aka gwada, Malam, matan Turai kuwa. A zo a gwada maigidana ranar cefanen sallah tukuna.

Kawu Direba: Talatu, yana cikin zauren nan fa.

Yaya Talatu: Na sani, Kawu.